Idan fatar ciki ta daina ji, a ɗaga riga a duba baya

Hanjin mutum ba ya jin taɓi. Masu tiyata sun daɗe da sanin haka: in aka kashe fatar ciki da namanta da allura aka buɗe, ana iya yanka hanji a ɗinke shi mai shi yana farke bai san ana yi ba, sai fa in an ja shi ko iska ta cika shi ya miƙe. Abin da tumbi da hanji suke iya sanar da mai su kaɗan ne: murɗa, kumburi, ƙuna, tashin zuciya. Saboda haka wanda ya shafa cikinsa ya ji wani wuri ya mutu, ko ya ce riga na gogar wurin amma shi bai san tana yi ba, kukansa bai shafi abin da ya ci ba. Maganar fata ce da jijiyoyin da ke kai saƙonta ƙwaƙwalwa, su kuwa jijiyoyin nan daga baya suka taho.

A nan Tawa da wuya mai wannan kuka ya fara da tunanin bayansa. Tunda ciki ne, maganin ciki za a nema. A fara da ruwan maganin olsa, in bai yi ba a koma na tsutsa, daga nan wata gwaggo ta ce sanyi ne ya taru a mara, a kawo jiƙe-jiƙe. Mai ɗan hali ya biya kuɗin ekografi. A shafa masa mai a ciki, a duba hanta, a duba ƙoda da mafitsara, a miƙo masa takarda a ce ba a ga komai ba. Ta wannan "ba a ga komai ba" zancen jifa da iska ke samun ƙofa. Alhali na'urar ba ta yi ƙarya ba, kayan cikin lafiyarsu lau. Abin da ke cikin ƙashin baya ne ba ta gani, kuma ba wanda ya ce wa mutumin ya juya.

Laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin baya, tana fitar da jijiyoyi bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu, har sau 31. Guda 12 daga ciki na sashen ƙirji ne, likitoci na kiran su T1 zuwa T12, kowace na bin ƙarƙashin haƙarƙarinta. Na sama a ƙirji suke ƙarewa. Amma daga T7 zuwa T12, da yake haƙarƙarin ƙasa ba su zagayo har gaba ba, sai jijiyoyin su zarce, su ratsa tsakanin shimfiɗun naman ciki, su gangaro har tsakiya. T7 ke da fatar ƙahon zuci. T10 tana daidai cibiya, wannan kam duk ɗalibin likita ya haddace shi. T12 da ta farkon sashen ƙugu, wato L1, su ke da mara da matsematsi. Kowace jijiya da zirin fatarta, ta dama kuma ba ta ƙetare tsakiyar ciki ta shiga hurumin ta hagu. Ziraran nan suna ɗan hawa kan juna, shi ya sa lalacewar jijiya guda tak ba kullum take kashe wuri murus ba, sau da yawa ji ne ke raguwa ko ya sauya.

Wanda ya san aikin lambun albasa a Galmi ko Ƙonni zai gane abin da sauri. Ruwa na fitowa daga madatsa ta babbar hanya, ya rabu zuwa ƙananan hanyoyi, kowace ta shayar da layin fangalinta. In fangali ɗaya ya bushe, toshewar tana bakinsa. In layi guda ya bushe daga farko har ƙarshe, a je inda ya rabu da babbar hanya. In kuwa daga wani wuri zuwa ƙasa duk lambun ya bushe, dama da hagu, babbar hanyar ce ta toshe, ba a kwana da wannan. Haka siffar wurin da ya mutu a fatar ciki ke nuna inda ɓarnar take. A ganina ba tambayar da ta kai wannan amfani ga mai wannan kuka: daga ina ya fara, a ina ya tsaya?

Wadda aka fi jin kukan a bakinta ita ce macen da aka yi wa aikin haihuwa. Tun da gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin wannan aiki a 2005, matan da ke da tabo a ƙasan mara sun yawaita, a birni da ƙauye. Yankan da ake yi a kwance dole ya ratsa ƙananan rassan jijiyoyin fata. Komai ƙwarewar mai aiki ba zai kauce musu ba, wasunsu ido ma da ƙyar yake ganinsu, ga kuma rassan L1 guda biyu da ke bi ta kusa da gefunan yankan. Bayan aiki sai mace ta tarar da wuri mai faɗin tafin hannu a saman tabon, wani lokaci har kusa da cibiya, ta ce wa unguwarzoma: "Wurin ga ko na tsunkule shi ban ji." Da yawa suna ɗora wa allurar baya laifi. Allurar baya tana sakin mutum cikin ƴan awoyi, ranar aikin ƙafafu ke dawowa. Abin da ya yi watanni a kewayen tabo, yankan ne ya kawo shi.

Jijiyar da aka yanke tana sake tofowa, amma a hankali ƙwarai, wajen milimita 1 a rana, wato kusan santimita 3 a wata in komai ya tafi daidai. Shi ya sa ake ɗaukar watanni, wani lokaci shekara ko fiye, kafin ji ya dawo, kuma ba lokaci ɗaya yake dawowa ba: wurin na tsukewa ne daga gefe-gefe. Ƙaiƙayi da ɗan tsira-tsira da mace ke ji a wurin yawanci alamar tofowa ne. A wasu matan wani ɗan ziri ba ya dawowa har abada. Wannan ba ya taɓa mahaifa, ba ya hana wani ciki, ba ya yaɗuwa. Abin da ya kamata ya mayar da mace asibiti shi ne zafi mai suka a ƙarshen tabon, wanda in aka danna wuri guda yake harbawa matsematsi ko cinya. Nan ana zaton ɗinki ya kama jijiya ko bakinta ya dunƙule a cikin tabo, ana kuma maganinsa da allura a wurin, in ta ƙi a yi ɗan ƙaramin aiki.

Ni abin da ya fi damuna game da mai jego ba mutuwar fatar ba ce, ruwan zafi ne. Fatar da ba ta ji ba ta iya cewa ya isa. A wankan jego tsohuwa na auna zafin ruwa da kukan mai jego, in ta yi shiru a ƙara mata, a gasa mara da tsumma mai zafi don "jinin da ya kwanta ya narke". Wurin da ya mutu ba zai sa ta kuka ba, sai washegari a ga fata ta tashi ta ɗuro ruwa, a bakin tabon da bai gama kamewa ba. Duk mai yi wa irin wannan mace wanka ta gwada ruwan a cikin damtsenta, ta kuma kauce wa kewayen tabon. Haka zancen ƙaho da tsaga. Wanzami zai ce mataccen jini ne ya taru, a fitar da shi. Ba wani jini da ya taru a wurin, rauni kawai za a ƙara wa fatar da ba ta iya gaya wa mai ita in ya fara ruɓa.

Maza ma ba su tsira ba. Aikin ƙaba ko gwaiwa, aikin afendis, yankan da ake yi a ƙarƙashin haƙarƙari don ƙoda ko matsarmama, duk suna barin irin wannan wuri, hukuncinsu kuma ɗaya ne da na mai jego. Masu yi wa kansu allurar insulin a ciki su ma, in suka nace wa wuri guda, fatar na kauri ta daina jin allura. Suna son wurin saboda ba zafi, amma magani ba ya shiga jiki daidai ta nan, gara a riƙa sauyawa.

Akwai wanda ba a taɓa yanka shi ba, amma jijiya ta maƙale masa a cikin naman ciki. Kafin reshen jijiya ya fito fatar gaba, sai ya yi kwana ya bi ta wata ƴar ƙofa a gefen dogon naman nan da ya sauko daga ƙirji zuwa mara. In ƙofar ta matse shi, saboda ciki ko ƙiba ko ɗaukar kaya, mutum zai nuna maka wurin ciwon da kan yatsa ɗaya, kewayensa kuma fatar ba ta ji daidai. Wani likitan tiyata na Amurka, John Carnett, ya bayyana gwajinsa tun 1926, ba ya bukatar ko dala: mara lafiya ya kwanta rigingine, likita ya danna wurin, sannan ya ce masa ya ɗaga kai da kafaɗu. Naman ciki ya ɗaure ke nan. In ciwon daga hanji yake, naman ya kare shi, zafi ya ragu. In zafin ya tsaya yadda yake ko ya ƙaru, a bangon cikin yake. Allurar kashe zafi a daidai wurin tana tabbatar da zaton, wani lokaci ita ce ma maganin. Mutane na shan maganin olsa shekara da shekaru a kan wannan.

Sai tabon da ba a son ambatonsa. In wurin da ya mutu ya fi sauran fata haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, gashinsa ya zube, to a yi tunanin kuturta. Ƙyasbi ma na sa fata haske, amma ƙyasbi na jin taɓi. Ƙwayar kuturta jijiyoyin fata take ci, tana iya ɗaukar shekara 5 ko fiye kafin ta bayyana, kuma a wannan mataki na tabo sau da yawa ba ta kai ga lalata hannu ko ƙafa ba. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, wata 6 ga mai tabo kaɗan, wata 12 ga mai yawa, wanda ya fara sha kuma ya daina yaɗa ta. Ba sai an je asibitin kutare na Danja ta Maradi ba kafin a fara tambaya, majon ƙaramin asibitin unguwa (CSI) ya san inda zai tura mutum. Kunya ce ke sa a rufe tabo da riga har yatsu su lanƙwashe.

Zona, cutar ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, ita ce ta fi nuna zirin jijiya ƙarara, har ma da ita aka zana taswirarsa: a 1900 likitoci biyu da ke aiki a Ingila, Henry Head da Alfred Campbell, suka bi sawun ƙurajenta a jikin marasa lafiya da yawa suka fitar da iyakar kowace jijiya. Ƙwayar ƙarambau ce. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, amma ƙwayar ba ta bar jikinsa ba, ta laɓe a gindin jijiya kusa da laka, shekara 30, shekara 50, tana jiran ranar da garkuwar jiki za ta yi rauni. Ranar da ta farka sai ta bi jijiya guda ta fito fata. Kwana 2 ko 3 kafin a ga komai mutum na jin ƙuna ko suka a gefe ɗaya. In a dama ne ƙarƙashin haƙarƙari a ce hanta, in ƙasa ne a ce afendis ko ƙoda. Sannan ƙuraje masu ruwa su fito curi-curi daga gadon baya, su zagayo ta kwiɓi, su tsaya cak a tsakiyar ciki. A baƙar fata ba a cika ganin jan da littattafai ke nunawa ba, ƙurajen da layinsu za a duba.

Maganinta, asiklobir da ƴan uwansa, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙuraje, ga shi kwanakin nan su ne ake ɓatawa wajen shafe-shafe. Ƙurajen na bushewa cikin mako 2 zuwa 4. Abin da suke bari ne wahalar, musamman ga tsofaffi: zirin fata da in ka tsira masa tsinke ba ya ji, amma gogar riga ko iskar fanka na ƙona shi. Za ka ga dattijo zaune ba riga a cikin hunturu, iyalinsa na ganin kamar raki yake. Ba raki ba ne. Jijiyar da ta lalace ta kasa ɗaukar saƙon gaskiya, ta koma tana aika nata na ƙarya. Farasitamol da diklofenak ba su cika taɓa irin wannan zafi ba, akwai magungunan da aka sani da shi, irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa. Wanda ya nufi mai tallar magani ya sayi tiramol yana iya samun sauƙin kwana biyu ya ɗauko wa kansa wata cutar. Wani lokaci zona na raunana naman wurin, gefen ciki ya bultso a zaci ƙaba ce, alhali ba abin yanka ba ne, yawanci yana komawa cikin watanni. In kuma ɗan shekara 25 ko 30 ne ya yi zona, ko ta fito a ziri fiye da ɗaya, lokotoro zai nemi a gwada sida da sukari. Ba zargi ba ne, neman abin da ya karya garkuwar ne.

Ciwon sukari an fi saninsa da kashe tafin ƙafa, amma yana da wani salo da ke kama jijiyoyin haƙarƙari, galibi ga wanda ya haura 50. Zafi da mutuwar fata a ziri ɗaya ko biyu, a gefe guda, ba ƙuraje, ya fi tsanani da dare, sau da yawa tare da rama. Wani ma ta nan ake gano yana da sukari: a gwada jininsa kafin ya karya, a samu giram 1,26 a lita ko fiye, a maimaita a sake samun haka. Wannan salo yana lafawa cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu in an kama sukarin. Wanda ya daɗe yana shan maganin sukari na metformin kuwa ya kamata a riƙa duba masa bitamin B12, don maganin na rage shigarsa jiki, ƙarancinsa kuma na lalata jijiyoyi da ita kanta lakar.

Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wanda ake cewa ya goce ya danne jijiya, a ƙugu da wuya ya fi gocewa, na ƙugu kuma ƙafa yake sauka ba ciki ba. A sashen ƙirji haƙarƙari sun riƙe ƙasusuwan, gocewar ba ta da yawa. Karayar haƙarƙari da ruftawar ƙashin baya ga tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi su ma suna ba da ziri a gefe.

In ban da zona da ke son magani cikin awa 72, yawancin abin da aka lissafa zuwa nan yana jiran gobe, yana ma jiran mako. Wanda ba ya jira shi ne mutuwar fatar da ta kama dama da hagu tare, ta yi iyaka a kwance, a ce daga cibiya zuwa ƙasa jiki ya sauya. Mai ita yakan ce yana jin an ɗaure masa ciki tamau. In ka tambaye shi za ka ji sauran: ƙafafu sun yi nauyi, takalmi na ficewa bai sani ba, yana tuntuɓe in duhu ya yi, fitsari sai da yunƙuri ko yana zuba ba da saninsa ba, in ya yi tsarki ba ya jin ruwa a wurin. Wannan laka ce, ko tarin jijiyoyin da ke ƙasanta, wani abu ya danne ko ya kumbura. Lakar da aka danne tana iya farfaɗowa in an ɗauke mata nauyin da wuri. Wanda aka kawo yana takawa da ƙafarsa ya fi wanda aka kawo a tabarma samun damar ci gaba da takawa, tsakanin su biyun kuma wani lokaci kwanaki ne kawai.

A ƙasarmu abin da za a fara zato shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda wani likitan tiyata na Landan, Percivall Pott, ya bayyana a 1779, likitoci ke kiransa da sunansa har yau. Ƙwayar tarin fuka ba huhu kaɗai take ci ba, tana bin jini ta sauka a ƙashin baya, ta fi kuma son ƙasan sashen ƙirji da mahaɗarsa da ƙugu, daidai inda jijiyoyin ciki ke fitowa. Tana cin ƙashi ta gaba, mugunya ta taru, ƙashi ya rufta, wani ƙullutu ya fito a gadon baya, shi ne farkon ƙusumbi. Mai ita sau da yawa ba ya tari ko kaɗan, shi ya sa ba a kawo ta a rai. Abin da yake da shi ciwon baya ne na watanni wanda kwanciya ba ta rage shi, zufar dare, ɗan zazzaɓi, rama. Yankinmu na ƴan cin rani ne. Saurayi ya dawo daga Abijan ko Libiya ko ramukan zinariya, inda ake kwana da yawa a ɗaki guda, ya rame yana dafe baya, a gida a ce wahalar aiki ce, a yi ta murza masa da man zafi har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Abin takaicin, maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka, irin wanda ake ba mai tarin huhu ne sai dai ya fi daɗewa, wata 9 zuwa 12. Da yawa daga waɗanda ƙafafunsu suka fara sagewa suna miƙewa da magani kawai, wasu sai an haɗa da aiki. Ɗaya daga cikin magungunan, izoniyazid, shi ma yana iya kashe tafin ƙafa, don haka ake haɗa shi da bitamin B6.

Ga dattijo mai wahalar fitsari ko macen da ke da ƙullutu a nono, zaton ya koma kan cutar daji (kansa), don ta furostat da ta nono suna yawan tsallakawa ƙashin baya. Ga matashin da ke wanka a tabki ko aikin shinkafa a bakin kogin Yamai, akwai tsargiya: ƙwayayenta da aka sani da sa fitsarin jini na iya ɓata hanya su sauka a ƙasan laka, cikin ƴan kwanaki ciwon ƙugu ya zama nauyin ƙafa da riƙewar fitsari, tana kuma jin magani in an gano ta da wuri. Makiyayi mai shan ɗanyen nono na iya ɗaukar cutar burusela daga dabbobi, ita ma tana cin ƙashin baya har a zace ta tarin fuka. Akwai kumburin laka da garkuwar jiki ke haddasawa da kanta, wani lokaci bayan zazzaɓi. Faɗuwa daga kabu-kabu ko cikin rijiya kuwa ba ta bukatar dogon bincike, an san ranar da abin ya fara.

Shanyewar ɓarin jiki ba ta cika zaɓar ciki shi kaɗai ba, tana haɗawa da fuska da hannu da ƙafa na gefe ɗaya. Ciki mai tauri da zafi, da amai da zazzaɓi, shi kuma ba ya cikin wannan magana sam, aikin masu tiyata ne na gaggawa.

Binciken farko ba ya cin kuɗi. Auduga, tsinke mara kaifi, da cokali mai sanyi sun isa. Mutum ya rufe ido, a fara taɓawa daga inda ya mutu ana matsawa sama da gefe, a ce masa ya yi magana in ji ya dawo daidai, a sa alama da biro. Ko a gida ana iya yin wannan, a maimaita bayan kwana biyu a ga ko iyakar ta hau. Lokotoro zai ƙara da ƙwanƙwasa ƙasusuwan baya ɗaya bayan ɗaya, ya gwada ƙarfin ƙafafu, ya sa mutum ya yi tafiya a gabansa, ya yi tambayar fitsari da bayan gida. Wannan tambaya ta ƙarshe mutanenmu ba sa kawo amsarta da kansu, musamman dattijo a gaban ɗansa ko mace a gaban suruki, sai an sallami ƴan rakiya an ce, "Baba, fitsari fa, yana fita yadda ka saba?"

Akwai kuskuren da ke cin kuɗin mutane a banza. Da yake kukan ƙafa da ƙugu ake kawowa, sai a ɗauki radiyon ƙugu, ya fito lafiya, hankali ya kwanta. Amma laka ta fi ƙashin baya gajarta, a babban mutum tana ƙarewa ne a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, sashenta mai kula da cibiya yana can sama a tsakiyar baya. Iyakar da aka samu a fata ma kan kasance ƙasa da inda ɓarnar take. Wanda jikinsa ya mutu daga cibiya zuwa ƙasa, hoton sashen ƙirji ya kamata a ɗauka. Radiyo kuma ƙashi yake nunawa, yana iya fitowa lafiya a farkon tarin fuka. Sikana ta fi shi, amma na'urar da ke nuna ita kanta lakar IRM ce, ita da likitocin jijiya da masu tiyatar ƙashin baya galibi a Yamai suke.

Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, kuma yadda aka ɗauki mara lafiya a wannan hanya yana iya ƙara masa ɓarna. Wanda ya faɗi ko ake zaton ƙashinsa ya rufta, a kwantar da shi a miƙe a kan abu mai tauri, ko ƙyauren ƙofa ne, kar a naɗe shi a kujerar mota ko a zaunar da shi tsakanin mutum biyu a kan babur. In fitsari ya riƙe, a sa masa roba a asibitin kusa kafin a kama hanya, don mafitsarar da ta cika ba ta fitarwa tana komawa ta lalata ƙoda, shi kuwa ba lallai ya ji ta cika ba. A tafi da takardar turawa da duk hotunan da aka riga aka ɗauka da kwalayen magungunan da yake sha. Ƴan jinya kuma su riƙa juya shi duk bayan awa 2, a mota da kan gado, suna duba ɗuwawu da dugadugai, don a fatar da ba ta ji gyambon kwanciya na iya farawa cikin yini guda.